Haƙora tara: tarihin wayar da ta ceto rajistar makarantarmu

A cikin aljihun teburina akwai wata igiyar waya mai ruwan toka, tsawonta bai fi kamu huɗu ba, an yanke ta a tsakiya an sake haɗawa, an naɗe wurin da baƙin salatif. Kwanakin baya ƙaramar ɗiyata ta zaro ta tana neman cajar salula. Ta jujjuya ta, ta ƙirga ƴan ramukan da ke bakinta, tara nan tara can, ta ce, "Baba, wannan cajar wace irin waya ce?" Na ce mata ba caja ba ce. Ta ce to a yar da ita mana, tunda ba ta da aiki. Ban yar ba. Wannan igiya ita ta fito da sunayen yara na shekaru masu yawa daga cikin wata kwamfuta da ke shirin mutuwa, kuma tun daga ranar nake bin diddigin inda ta samo asali. Abin da na tsinta nake so in ba ƴan uwana malamai da iyayen yara, domin ina kyautata zaton a yanzu haka akwai irin wannan kwamfuta a ɗakin ajiyar wasu makarantunmu, ƙura ta rufe ta, da amanar mutane a cikinta.

Bayan na gama makarantar horon malamai, ƙauye aka fara tura ni, can arewa da Tawa. Na yi ƴan shekaru, sannan aka dawo da ni wata firamare a cikin gari. A ofishin darakta na tarar da wata tsohuwar kwamfuta, fara ce amma ta koma ruwan ƙasa, da talabijin ɗinta mai ƙatuwar ƙeya. Wani furoje ne ya bar ta da ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Daraktan da ya gabata, Allah ya saka masa da alheri, ya zauna da yatsa biyu ya shigar da rajistar makaranta gaba ɗaya a cikinta: sunan yaro, sunan uba da na uwa, garin da aka haife shi, shekarar haihuwa, da shekarar da aka sa shi lakol. Ba wanda ya san darajar wannan aiki sai da wata damina rufi ya yi yoyo a kan kabad, gara ta zo ta ƙarasa abin da ruwa ya rage. Manyan littattafan rajista uku suka zama gari.

Wanda bai san aikin makaranta ba zai iya cewa, to sai me? Ku iyaye kun san amsa. Yaranmu da yawa, musamman waɗanda ake kawowa daga Afala, Barmu, Kalfu ko Takanamat a ajiye su wurin dangi don su yi karatu, a gida aka haife su, ba a yi musu takardar haihuwa ba. Rajistar makaranta ce wuri na farko da aka taɓa rubuta sunansu da shekarunsu, ko da kuwa da kalmomin nan biyu na Faransanci, "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza. Ranar da yaro zai shiga jarrabawar satifiket, ko ranar da saurayi ya dawo daga cin rani a Abijan yana neman katin ɗan ƙasa, sai a ce ya kawo shaida, shi kuma sai ya nufo makarantarsu ta da. To ga shaidar ta maƙale cikin akwatin ƙarfe. Kwamfutar tana tashi, ana ganin sunayen a kan gilashi, amma babu hanyar fitar da su. Ramin disket ƙurar hunturu ta kashe shi, firinta ta daɗe da lalacewa, kafar USB kuwa ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da aka ƙera wannan inji. Ga shi cikinta ya fara wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Kwafe dubban sunaye da hannu, tsakanin ɗaukewar wuta da dawowarta, aikin watanni ne, kuma ba mu da tabbacin za ta kai.

Sai wani abokin aikina da ya ɗan zauna Yamai ya leƙa bayanta, ya nuna mini wata ƴar kafa mai haƙora tara, biyar a sama huɗu a ƙasa. Ya ce ta nan za ta yi magana.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare, bari mu koma baya, don tarihin wannan kafa ya girmi kwamfutar kanta. Kakarta ita ce tangaraho. Har yau bakinmu yana riƙe da labarin: muna cewa gidan waya, muna cewa na buga masa waya, alhali salular da ke hannunmu ba ta da waya ko ɗaya, kuma ba abin da ake bugawa. Kalmomin sun fito ne daga zamanin da Turawan mulkin mallaka suka ja zaren ƙarfe a kan turaku tsakanin barikokinsu, ma'aikaci yana zaune yana ƙwanƙwasa saƙo. Matsalar tangaraho ita ce hanya ɗaya gare shi tak. Ba za ka iya cusa harafi sukutum cikin zare ba, domin abin da zare ya sani biyu ne: akwai wuta, babu wuta. Dole a farfasa kowane harafi zuwa ƴan alamomi, a tura su ɗaya bayan ɗaya, kamar ayarin raƙuma da aka ɗaure kowane a bayan ɗan uwansa. Wani Bafaranshe ma'aikacin tangaraho, Émile Baudot, shi ne a shekarun 1870 ya tsara cewa kowane harafi ya zama alamomi biyar daidai wa daida. Sunansa aka gutsure aka samu "baud", ma'aunin saurin da duk wanda ya taɓa haɗa modem ya sani. Injinan teleks da aka daɗe ana aiki da su a gidajen waya da bankuna, jikokin wannan tsari ne.

Injinan da suka biyo baya sun ƙara wata dabara. Mai karɓar saƙo yana buƙatar ya san inda harafi ya fara da inda ya ƙare, in ba haka ba zai haɗa wutsiyar wannan da kan wancan. Sai aka sa wa kowane harafi madugu a gaba, alama ɗaya mai cewa ga mu nan tafe, da wata a baya mai cewa mun wuce. A zamanin kwamfuta harafi ya zama alamomi takwas, waɗanda ake kira bit. In ka haɗa da na gaba da na baya, goma ke nan. Saboda haka in aka ce kafa tana gudu a 9600, lissafin ƴan aji biyar ne: haruffa 960 a daƙiƙa ɗaya. Disket guda cike zai ci kusan minti 25 kafin ya ƙetare. Yaran yanzu za su yi dariya, amma wanda ya taɓa kwafe rajista da biro ba zai yi ba.

A 1960 ƙungiyar kamfanonin lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar da ƙa'idar da ake kira RS-232, kuma gyaran da aka yi mata a 1969, wato RS-232-C, shi ne ya game duniya. Ƙa'idar ta faɗi aikin kowane zare, ta faɗi ƙarfin wutar da za a tura: daga volt 3 zuwa 15 ƙasa da sifili yana nufin 1, daga 3 zuwa 15 sama da sifili yana nufin 0, kuma ba a son igiyar ta wuce wajen mita 15. Amma akwai wani abu da mai karatu zai riƙe, don shi ne ya ba mu wahala a Tawa bayan shekaru kusan hamsin. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar nan abu ɗaya suka hango: injin rubutu ko kwamfuta a wannan gefe, modem a wancan gefe, modem ɗin kuma yana maƙale da layin tarho. Sai suka ƙera modem ya zama kishiyar kwamfuta. Haƙorin da kwamfuta take magana da shi, a wurin modem na sauraro ne. Don haka miƙaƙƙiyar igiya, 2 zuwa 2, 3 zuwa 3, ta wadatar. Ba su tanadi ranar da wasu malaman firamare za su so haɗa kwamfuta da ƴar uwarta kai tsaye ba.

Kan da aka saba da shi da farko mai haƙora 25 ne, faffaɗa, ko da yake uku daga ciki su ne ƙashin bayan zance: na turawa, na karɓa, da na ƙasa, wanda makanikanmu suke kira mas. Kwamfutar IBM ta 1981 da wannan babban kai ta yi aiki. A 1984 da kamfanin ya fitar da samfurin AT, wuri ya yi masa kaɗan a bayan inji, sai ya rage haƙoran zuwa tara. Garin ragewa ya juya lambobi. A kai mai 25, lamba 2 ke turawa, 3 ke karɓa, 7 ne mas. A kai mai tara, 2 ke karɓa, 3 ke turawa, mas ya koma 5. Allah kaɗai ya san yawan daren da wannan juyi ya hana mutane barci a faɗin duniya.

Su kuwa kwamfutocin gida na shekarun 1980, waɗanda ƴaƴan Turawa suka taso da su, kowace da nata hali. Commodore 64, wadda ta fito a 1982, tana iya wannan magana ta ɗaya bayan ɗaya, amma da volt 5 kawai, ta wata kafa ta daban. In ka jona ta kai tsaye da modem mai volt 12 kana iya ƙona mata ciki, sai an sa wani ɗan allo a tsakani mai daidaita wuta. Daga baya aka samu wani ɗan ƙwaro mai ƙafafu 16, MAX232, wanda ya sauƙaƙa wannan aiki, kuma har yau ana sayar da shi. Amstrad CPC ta Ingila, ta 1984, ba ta zo da kafar ba sam, sai ka sayi akwatinta daban. Macintosh ta koma wani ɗan kai kewayayye mai haƙora takwas. A Faransa akwai Minitel, ɗan akwatin da hukumar tarho ta fara rabawa gidaje a 1982, yana da kafa kewayayya mai ramuka biyar a baya, kuma masu ƙwazo sun yi ta ƙera igiyoyi suna jona shi da kwamfutocinsu har aka rufe tsarin a ƙarshen watan Yuni na 2012. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, duk da wannan ruɗani, littafin da ke zuwa da inji yakan zana kafar ya faɗi aikin kowane haƙori. Wanda ke da ƙarfen dalma da haƙuri yana iya ƙera igiyarsa a ɗakinsa.

Akwai wani babi na wannan zamani da ya shafe mu malamai kai tsaye. A watan Janairu na 1985 firaministan Faransa Laurent Fabius ya ƙaddamar da shirin sa kwamfuta a kowace makaranta. Aka sayi injina wajen 120,000, akasarinsu ƙirar Thomson, MO5 da TO7/70, aka jona su a cikin azuzuwa. Aka yi wa malamai horo na gaggawa. A 1989 kamfanin Thomson ya daina ƙera waɗannan injina, kuma da yake ba su jituwa da kwamfutocin da sauran duniya ta runguma, da yawa suka ƙare cikin kabad. Ƙasa mai arziki ke nan, mai wutar da ba ta ɗaukewa. Duk lokacin da na ji an ce za a raba wa makarantunmu kwamfuta ko allunan zamani, wannan labari nake tunawa.

Mu a Adar ba mu yi zamanin kwamfutar gida ba. Ta ƙofar ofis ta shigo mana: ofisoshin gwamnati, da na furoje-furojen da suka yawaita bayan farin 1984, shekarar da aka fara babban aikin raya karkara na Keita. Daga baya gwanjo ya kawo sauran, waɗanda Turai ta gaji da su, suka sauka Kwatano aka hauro da su. Shi ya sa injin da aka ƙera shekaru goma sha biyar da suka wuce yakan iso mana a matsayin sabo, da kafofinsa na da, ba tare da igiyoyinsa ba, ba tare da littafinsa ba.

Amma kada a raina kafar nan, don ta cikinta wasiƙar lantarki ta fara shiga Nijar. A farkon shekarun 1990, kafin intanet ta iso, cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM, wadda yau ake kira IRD, tana da wata hanyar sadarwa mai suna RIO da ta haɗa ofisoshinta na Afirka, har da na Yamai. Kwamfuta tana tara wasiƙu, in lokaci ya yi ta kira ƴar uwarta, ta miƙa abin da ta tara, ta karɓo abin da aka ajiye mata, kamar dai motar kasuwa mai zuwa sau ɗaya ta sauke ta ɗauka. Da intanet ta zo a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ta hannun kamfanin tarho na ƙasa, SONITEL, wanda a 2016 aka haɗa shi da SahelCom ya zama Niger Telecom, nan ma modem ne da layin tarho. Waɗanda suka shiga gidajen intanet na farko za su tuna ɗan akwatin nan mai fitilu yana kuka kamar an shaƙe zabo kafin layi ya kama. Igiyar da ke tsakaninsa da kwamfuta, wannan kafa mai haƙora tara take shiga.

To mu dawo ofishin darakta. Muka aro kwamfutar tafi-da-gidanka daga wani ɗan uwana ma'aikacin wata ƙungiya, aka yi sa'a tana da kafar. Na shiga kasuwar Tawa na tona tarin igiyoyin gwanjo har na samu mai kai mace a kowane gefe, don kafofin kwamfutocin biyu duk maza ne. Na dawo ina murna, muka jona, ta shiga ɗas. Muka tura. Shiru. Muka sake. Shiru. Kwana biyu muna zargin tsohuwar da mutuwar kafa.

Rana ta uku na ɗauki igiyar na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa ke cike da gawarwakin rakoda. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma bai ɓoye mini ba. Na nuna masa zanen da abokina ya kwafo daga wani tsohon littafin Faransanci, na bayyana masa cewa 2 kunne ne, 3 baki ne. Ya sa tabarau, ya ɗauko mitarsa, ya dafa tsinke ɗaya a rami na 2 na wannan kai, ɗaya a rami na 2 na wancan. Allura ta motsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Mushe, wagga waya taka miƙaƙƙa ta. In mutum biyu za su zance, bakin wanga kunnen wancan shika nema. Kai ko ka ɗaura baki da baki, kunne da kunne. Wa ka jin wani?"

Na yi shekaru ina karantar da yara, ban taɓa jin bayanin da ya kai wannan gajarta ba. Abin da ya gano da mitarsa shi ne abin da injiniyoyi suke kira null modem, wato igiyar da ke yaudarar kowace kwamfuta ta zaci modem ne a gabanta. Ya yanke igiyar a tsakiya, zarurruka tara masu launi daban-daban suka bayyana. Na ce masa ja ne mai lamba kaza, don haka na ga wani ya rubuta. Ya ce launi ba shaida ba ne, kowane kamfani da yadda ya ga dama, kuma gaskiyarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mita yana rubuta lamba a jikin kwali. Sannan ya haɗa 2 na nan da 3 na can, 3 na nan da 2 na can, 5 da 5, ya ɗiga dalma. Game da 5 ɗin ma sai da ya yi mini karatu: in ba su taka ƙasa ɗaya ba, abin da wannan ya kira sama wancan ba zai san sama da me ba.

Na koma, muka gwada, sai tsohuwar ta rubuto cewa ta kasa turawa. Wannan ci gaba ne, don a da ko ƙorafi ba mu fahimta ba, yanzu kuwa mun san inda za mu duba. Ashe tsarin DOS da ke cikinta ba ya sakin harafi ko ɗaya sai ya yi sallama an amsa. Sauran haƙoran aikinsu ke nan. Lamba 4 tana cewa ina nan a farke, ana jin ta a lamba 6 ta ɗaya gefen. Lamba 7 tana cewa in turo? Amsa tana shigowa ta lamba 8. Na sake komawa rumfa, dattijo ya buɗe salatif, ya gicciya 7 da 8, ya gicciya 4 da 6. Da na tambayi kuɗin aiki ya ce tunda na ɗiyan mutane ne, in ba shi dala ɗari kuɗin dalma.

A karo na uku abu ya ƙetare, amma ba rubutu ba. Wasu alamomi ne suka cika gilashi kamar sawun kaji. Mun sa tsohuwar a 9600 da umarnin MODE, ita kuwa manhajar HyperTerminal da ke ɗaya gefen tana zaune a 2400, yadda take zuwa. Ɗaya tana zuba zance, ɗaya tana sauraro da saurin da bai kai ba. Muka daidaita su: 9600, bit takwas, na rufewa ɗaya. Abokina ya danna. Sai ga sunaye suna gangarowa, layi bayan layi, aji bayan aji. Darakta ya miƙe tsaye yana karanta na waɗanda ya sani, wannan yanzu soja ne, wannan ta yi aure a Ilela, wannan Allah ya yi masa rasuwa. Duk abin bai kai minti goma ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Da muka buɗe abin da muka kama sai muka ga wani abin mamaki. Duk inda aka rubuta "né vers" ya koma "n‚ vers", harafin é ya zama wani ɗan waƙafi. Dalili kuwa shi ne jadawalin haruffa na ASCII, wanda Amurkawa suka tsara a 1963, gurabe 128 gare shi, kuma haruffan Ingilishi kaɗai ya sani. Haruffan Faransanci masu hula daga baya aka laƙa su, kuma lambar da DOS ta ba é, wato 130, a wurin Windows ta wani abu ce daban. In Faransanci ya sha wannan, ina ga Hausa? Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai karantarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, amma waɗanda suka yi ta shirya littattafan harsunan gida sun daɗe suna fama da injinan da ba su san ƙugiya ba. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba haruffanmu gurbi na dindindin, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasa, da ƴ ɗinta da ta bambanta mu da maƙwabtanmu na kudu. Ba zan ɗora wa kwamfuta laifin rubuta sunayenmu da salon Faransanci ba, wannan ya girme ta. Amma a cikin dubban sunayen da suka gangaro ranar, babu Ɗahiru ko ɗaya da ya zo da ƙugiyarsa.

USB ta fito a 1996. A 1998 kamfanin Apple ya fitar da iMac ba tare da tsofaffin kafofi ba, sauran kamfanoni suka bi sannu a hankali, har kafa mai haƙora tara ta ɓace daga kwamfutocin da ake sayarwa. Sai dai ɓuya ta yi. Masu gyaran salula na farko, zamanin Nokia 3310, da igiyar da ke shiga wannan kafa suke buɗe waya. Har yau ana samun ta, ko ƙanwarta, a jikin wasu injinan awon jini na asibiti, da na'urorin da ke ƙarƙashin dogayen eriyoyin tarho, da wasu akwatunan wutar sola da suka cika gidajenmu. Ɗaliban fasaha da ke wasa da ɗan allon Arduino suna ganin TX da RX a jikinsa, baki da kunne ke nan, kuma kuskuren farko da kowannensu ke yi shi ne wanda na yi. Ita kanta USB ɗin, ɗaya bayan ɗaya take turawa, gudu kawai ta fi.

Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su yarda ba, shi ne tsohuwar kafar ta fi dacewa da talaka ta fuska ɗaya: ana iya ganin cikinta. Dattijon da bai yi lakol mai zurfi ba ya fahimce ta cikin minti biyar da mita da kwali. Yau rajistar makarantu da yawa tana cikin salular darakta, ko cikin wata manhaja da wani furoje ya kawo, wadda ba wanda ya san inda take ajiye abin da aka ba ta. Ranar da salular ta faɗa rijiya, ko furojen ya tafi da kalmar sirrinsa, babu igiyar da za a yanke a gicciya. A nan jihar Tawa aka fara gwada kwamitocin kula da makarantu na COGES da zaɓaɓɓun iyaye, cikin shirin da Japan ta tallafa tun 2004, kafin abin ya bazu ko'ina cikin ƙasa. Iyayen da ke zaune cikin waɗannan kwamitoci suna tambayar kuɗin alli da na rumfunan kara, kuma daidai ne. Ina so su ƙara tambaya biyu. In an kawo kyautar inji, ina igiyoyinsa da littafinsa, kuma wa zai gyara shi a garin nan? Sannan sunayen ƴaƴanmu, wuri nawa aka ajiye su, kuma akwai na takarda a inda ruwa da gara ba su kaiwa?

Mu dai abin da muka yi ke nan a wancan lokaci. Muka gyara waƙafan nan suka koma é, muka kai gidan intanet aka buga mana kwafi biyu, ɗaya a akwatin ƙarfe a ofis, ɗaya a gidan shugaban iyayen yara. Ba a yi wata guda ba wani saurayi ɗan wajen Barmu ya zo, ya dawo daga Libiya ba shi da takarda ko ɗaya a duniya. Darakta ya buɗe shafi, ya bi da yatsa, ya same shi, da sunan uwarsa da shekarar da aka kawo shi aji ɗaya. Ya rubuta masa shaida ya buga hatimi.

Tsohuwar kwamfutar ta ƙara yin wata biyu tana niƙa tsakuwarta. Wata safiya aka kunna ta, ta ƙi tashi. Zuwana na ƙarshe makarantar na gan ta a ɗakin ajiya, an jera kwalayen alli a kanta.